Tarin Gagarau

Shekara goma sha ɗaya ina kai masa nama,
cinyar jaki, haƙarƙarin da mahauta suka rage,
kullum tsorona ɗaya:
kada sakata ta zame, kada farce ya kai ni.
In zan fito daga Gamkalle da duku-duku
uwar ɗakina kan ce,
Allah Ya tsare ka daga bakin zaki.
Ba wanda ya taɓa cewa
Allah Ya tsare zaki daga bakinka.

Ranar Talata na tashi da mura.
Kai kamar an ɗora masa turmi,
maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaiƙayi.
Na sayi ƙwayar dala ashirin wurin mai tebur,
na kora da shayi mai citta,
na ce ai mura ce.
Wanda ya kwanta, wa zai biya masa haya?
Takunkumi yana aljihu. Rana ta yi zafi.

Na share keji, na wanke kwanon ruwa,
atishawa ta ƙwace mini, sau biyu, sau uku.
Ya matso kamar yadda ya saba
yana goga geza a jikin ƙarfe,
tsakanin numfashina da nasa
bai kai kamu ɗaya ba.

Kwana biyar, na miƙe.
Shi ya kwanta.

Gagarau, wanda in ya yi ruri da asuba
masu wanki a bakin Isa sai sun ɗaga kai,
jemagu su watse daga kan mangwaro,
yau tari yake yi,
kamar zarto cikin busasshen gawo.
Majina a hanci, ido ya yi ruwa.
Naman jiya yana nan, ƙudaje sun gaje shi.
'Yan lakwal sun zo a jere, sun biya kuɗin ƙofa,
wani ƙarami ya ja zanen malamarsu:
Madam, wannan zakin ƙarya ne.

Lokotoro Fureratu ta zo da safar hannu
da dogon tsinke mai auduga a kai.
Aka harba masa allurar barci.
Mu huɗu muka juya shi, da ƙyar.
Ranar na fara taɓa tafin ƙafarsa:
kaushi, da zafi irin na kaskon masa.
Ta yi tambaya, idonta na kan takarda:
Wa ya yi mura cikinku makon jiya?
Sumana ya dubi ƙasa.
Tinni ya shiga gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

Na ce, ni ne.

Ta rubuta. Ba ta yi faɗa ba.
Da ma ta yi.

A daji, da tafiyar kwana uku
ce tsakaninsa da tarin ɗan Adam.
Mu muka ajiye shi nan,
taku takwas gaba, taku takwas baya,
muka ce ƙarfe ya raba mu.
Ƙarfe ya tare haƙori, gaskiya ne.
Numfashi kuwa ba ya neman izinin ƙarfe.

Yanzu an ja igiya, baƙi na tsayawa nesa.
Nakan tsoma takalmi cikin ruwan magani,
in rufe baki da hanci kafin in shiga.
Ranar farko ya daɗe yana kallona
kamar mai neman sauran fuskar.
Shekaranjiya ya lashi ruwa.
Jiya ya ci hanta, rabi.
Rurin bai dawo ba tukuna,
masu wanki ma sun aiko tambaya.

Yau da safe uwar ɗakina ta soma addu'arta,
Allah Ya tsare ka daga...
sai ta yi shiru.
Ta je kan igiyar shanya,
ta ciro takunkumin da ta wanke da dare,
ta miƙo mini, da sauran damshi.